Saran Ƙarshe a Gonar Mimbre

Herminia na tsugune tana saran tsumagun mimbre, icen da ake saƙa kwando da shi, daidai gindin kututture, sanyin Yuli, lokacin hunturun ƙasarsu, ya sandarar mata da yatsu, sai ta ji rurin katafila daga titin Chimbarongo. Ƙanenta Nolberto ne a gaba, yana nuna wa direba hanya.

Gonar mahaifinsu ce. Mimbre ja, ruwan ɗorawa, kore, da wani baƙi da ya samo daga kudu, duk ya cakuɗa su, don in cutar tsatsa ta kama iri ɗaya ta bar saura. Kowane hunturu a sare su har ƙasa, masu saƙar kwando su kwashe, su sake tofowa. Bara tsohon ya rasu. Sauran magada suka rinjayi Herminia, aka sayar da gonar ga masu shuka itatuwan ceri.

"Yaya, ki tashi mana," in ji Nolberto. "Mutumin nan yana da wata gonar bayan wannan."

"Ya jira. Ban ɗebi irin baƙin ba."

"Ki dasa a ina? Kan rufin gidan hayarki?"

Gaskiya ya faɗa, ko taku ɗaya na ƙasa ba ta da shi. Ta ci gaba da yanka guntayen dashe, har laujen ya zame ya tsaga mata ɗan yatsa.

Nolberto ya ƙaraso, ya ɗaure mata da hankicinsa. Ya dubi tarin guntayen ya yi tsaki.

"Rabinsu kin juya su. Idon toho sama yake kallo, kin fi kowa sani."

"To gwani, ga lauje."

Ya karɓa. Ya faɗa cikin baƙin mimbren yana sara, irin saran da rabonsa da shi tun yana saurayi. Direba ya danna ham, Nolberto ya ɗaga masa hannu bai waiwayo ba.

Da suka ɗaure damin ƙarshe, katafila ta shiga. Kututturan da suka girme su duka biyu suka riƙa fitowa, saiwa a sama. Herminia ta juya baya.

"Akwai magudanar ruwa a bayan gidana, ba ta ƙafewa," in ji Nolberto, idonsa a ƙasa. "Ki dasa a can. Kada dai ki gaya wa matata tukuna. Wurin kabewarta ne."

Herminia ta goge fuska da bakin gyalenta, ta saɓa dami a kafaɗa.

"Jan mimbren ba ya son inuwa," ta ce.

"Na sani, Yaya."