Sanarwa a Shafi na Huɗu

Injin buga jarida na ta ruri a ɗakin baya, dole Nachhattar Singh ya ɗaga murya.

"Sunansa nake so ka buga, Tarsem. Mai kantin maganin bakin kasuwar alkama. Kowa ya san shi ke sayar wa 'ya'yanmu farar hodar nan."

Tarsem Lal, mai jaridar garin, wanda shi ne edita kuma shi ne mai neman labari, ya tura masa kofin shayi. "Sha, Yaya. Ka ga tallan da ya cika shafin farko? Na kantin ne. In cire shi in sa me, hoton gashin bakinka?"

"Ɗana zai mutu."

"Na kowa ma mutuwa yake yi." Ya buɗe shafi na huɗu, ya ɗora yatsa. Sanarwa ce jere da sanarwa, duk kalma ɗaya: ɗana wane ya fi ƙarfina, na cire shi daga gidana da gonata, duk wanda ya yi hulɗa da shi ruwansa. "Ga abin da zan iya maka: in buga maka irinta. In 'yan sanda sun zo, ka miƙa musu. Ba za su ƙara jan ka ofishinsu don ɗanka Jagsir ya kwance injin ban-ruwan wani ba. Gonar ma ta tsira."

"Yaron ya fara dainawa. Tun girbi yana ɗaki, uwarsa na jinyarsa. Jiya har abinci ya nema da bakinsa."

"To ai don 'yan sanda za a yi, ba don shi ba. Wa ke karanta shafi na huɗu? Ni da na buga shi ma ba na karantawa."

Nachhattar ya tuna marin da wani kurtu, sa'an ɗansa, ya yi masa har rawaninsa ya faɗi ƙasa. Wanda aka taɓa wulaƙantawa ba ya wuyar lallashi. Ya faɗi sunan ɗan, Tarsem ya rubuta. Da ya koma gida bai gaya wa matarsa ba.

*

Jarida ɗaya tak ke zuwa ƙauyen Dhanpura, ranar Alhamis, a motar madara. Malam Hakam, tsohon malamin makaranta, shi ke karanta wa jama'a a gindin bishiyar dandali, daga farko har ƙarshe, ba ya tsallake ko farashin taki. Nachhattar kullum a tsakiya yake tashi ya tafi tatsar baunar da yake kiwo. Bai taɓa jin inda karatun ke ƙarewa ba.

Ranar ya yunƙura zai tashi ke nan sai ya hango Jagsir tafe. Ya rame, amma ya yi wanka, uwarsa ta goge masa riga. Dattawa suka matsa masa.

"Kai, ashe kana raye? Zo zauna, ɗan nema."

Jagsir ya yi dariya, ya zauna kusa da ubansa har kafaɗunsu na taɓa juna. Nachhattar ya kasa tashi. Malam Hakam ya lashi yatsa, ya juya shafi.

Da murya ɗaya yake karanta komai, ba hawa ba sauka. Sai da ya furta sunan uban, da na ɗan, da "na cire shi daga gidana", sannan kunnensa ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Ya sauke jaridar. Wani ya yi tari, wani ya shiga kallon takalminsa.

"Don 'yan sanda ne," in ji Nachhattar, idonsa a ƙasa. "Takarda ce kawai."

Jagsir ya miƙe a hankali, ya kakkaɓe bayan rigar. Ya haɗa tafukansa ya ɗan rusuna wa ubansa, kamar yadda ake gaida baƙo mai shekaru.

"A tashi lafiya, dattijo."

Motar madara ta gama lodi za ta koma gari. Ya ɗaga mata hannu, ta tsaya.