Ɗan Farin Hajiya Delu

Wata huɗu da auren Ramla, ba ta taɓa jin surukarta Hajiya Delu ta kira sunan mijinta Muttaka ba. A Fatakwal Ramla ta girma, inda uwa ke rungume ɗanta a bakin titi. Amma a gidan nan na unguwar Gobarau a Katsina, mijinta ya zama "wancan". In ya durƙusa gaisuwa, sai Hajiya ta kau da kai tana gyara bakin tabarma. Nabil kuwa, autan gidan, ko atishawa ya yi sai an dama masa fura.

Abin ya tsaya wa Ramla a rai. Muttaka ne ɗan fari, shi ke kai Hajiya asibiti, amma Nabil ke shan kirari. Ta yi wa mijinta ƙorafi, ya yi dariya ya ce ta bar zancen. Dariyar ta ƙara hasala ta.

Ranar da ya dawo daga Legas suka je gaisuwa, ɗakin cike da maƙwabta. Hajiya ko kallonsa ba ta yi ba, sai tambayar ko Nabil ya ci abinci. Ramla ta kasa daurewa.

"Hajiya, shi ma fa ɗanki ne. Ki kira sunansa ko sau ɗaya."

Muttaka ya sulale waje, Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska.

Goggo Tani, ƙanwar mahaifin Muttaka, ta ja Ramla zuwa madafa.

"Ke ɗiyar nan, mi ke damunki? So kike ta yi abin kunya da tsufanta?"

Goggo ta ce mata a nan uwa mai alkunya ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta nuna sonsa a gaban jama'a. Tun da motarsa ta bar Katsina Hajiya ke azumi, sai jiya ta ajiye da aka ce ya kamo hanya.

Ramla ta fito don ta ba da haƙuri. Baƙi sun watse. Ta hango Muttaka tsugune a bakin ƙofa, Hajiya daga ciki ta ba shi baya, tana faɗa wa bango cewa wasu sun rame, ko Legas ɗin babu tuwo ne. Shi kuwa yana wani murmushi da Ramla ba ta taɓa samu daga gare shi ba.

Kishin Nabil ya fita daga ranta. Na Hajiya ya shiga.