Taku Shida na Gwaggo Tabawa

Wani mafarki na yi a daren jiya, kuma har yanzu haushinsa bai sake ni ba.

Na gan ni a saman tsani, cikin wani zauren wasan kwaikwayo mai kama da na garinmu, sai dai kujerun 'yan kallo a jikin bango aka kafa su, jere-jere har sama, kamar kwanuka a kanta. Tsanin dai bai ba ni mamaki ba, domin a kansa na ƙarar da ƙuruciyata. Shekara goma sha tara ke nan ina aikin fitila a ƙungiyarmu ta wasa. Ni ne mai hawa in ɗaura, in karkata wannan, in rage bakin waccan, sannan in koma bayan labule cikin baƙaƙen kaya in zauna gaban makunnai. In aiki ya yi kyau, a tafa wa 'yan wasa. In ƙwan fitila ya mutu ana tsakiyar kuka, a nan ne kowa yake tuna cewa sunana Haladu.

Na naɗe hannuna da tsumma zan gyara babbar fitilar gaba, don ta sha ƙona ni. Sai na ji ta da sanyi ƙalau. Haske kam ga shi nan har yana kashe ido, amma raɓa ce take tsattsafowa daga jikinta. Na bi sauran ɗaya bayan ɗaya, duk kanwar ja ce.

Daga ƙasa wata jar akuya ta bugi ƙafar tsanin da ƙaho. Usur ne rataye a wuyanta, ga fensir a bayan kunne. Ita ce mai kula da dandamali, kuma ban ga abin tambaya a nan ba, don na yi aiki da waɗanda ba su kai ta natsuwa ba. Ta ce saura minti goma sha biyar a buɗe labule. Ta ƙara da cewa in sani, a ƙasarsu daga ƙarshe ake fara wasa a gangaro zuwa farko, don kada 'yan kallo su zauna cikin zullumi.

Nan take na tuna cewa fitowar ƙarshe ta Gwaggo Tabawa ce.

Gwaggo Tabawa ita ce babba a ƙungiyarmu, tana hawa dandamali tun ina yawo ba wando. Shekara biyu ke nan idanunta suka tafi, sai dishi-dishi. Ba wanda ya sani sai ni, ni ma don na kama ta tana laluben bango ne wata rana a bayan labule. Ta sa na yi mata alkawarin ba zan faɗa wa kowa ba, don ta san ranar da darakta ya ji, ranar zai ajiye mata kujera a bakin ƙofa ta dinga yaga tikiti. Sai muka yi dabara. A fitowar ƙarshe takan taho daga baya ita kaɗai, ta nufo 'yan kallo. Ni kuma na karkata babbar fitilar yadda zafinta zai sauka daidai inda ya kamata ta tsaya. Takan yi taku shida, ta ji ɗumi a goshinta, sai ta ja birki ta fara magana. Ƙirga kaɗai ba ta wadatar ba, domin takun tsohuwa yau dogo ne gobe gajere. Taku biyu gaba da wurin kuwa bakin dandamali ne, tsayinsa ya kai ƙirjin mutum, ƙasan kuma siminti.

Kawai sai na gan ni a ofishin sito.

Wani bunsuru ne a bayan teburin, da tabarau da 'yar shara, yana taunar wata takarda cikin kwanciyar hankali. Da na duba da kyau, takardata ce, wadda na jera lokutan kunnawa da kashewa na wasan duka. Ya riga ya cinye kashi na biyu. Na danne zuciyata na gaishe shi, na ce fitila nake so mai zafi. Ya yi mini bayani a tsanake cewa tun bara aka raba haske da zafi, kowanne da ofishinsa. Haske ana ba da shi kullum. Zafi kuwa yana cikin buhuna a ɗakin baya, kuma ranar Alhamis kaɗai ake fitar da shi. Na ce ai yau Alhamis. Ya ce ta makon jiya yake nufi.

Na roƙe shi. Ya turo mini fom, na cike a tsaye, ya karɓa ya lanƙwame, ya ce ya shigar da shi inda ya dace. Saura tambaya guda.

"Wa za a ɗumama?"

"Ba zan iya faɗa ba, ranka ya daɗe."

"To ba kowa ke nan. Ba ma fitar da zafi saboda ba kowa."

Ya jawo aljihun tebur ya miƙo mini jar leda, irin wadda muke rufe bakin fitila da ita in ana son wuri ya yi kamar gobara. Wai in na sa ta, duk mai ido zai rantse wurin da zafi. Na ce ba don mai ido nake nema ba. Ya sauke tabarau ya dube ni, ya ce to fitilar ta mece ce. Na so in kama gemun nan in jijjiga. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne tambayarsa tana kan hanya.

Aka busa usur. Saura minti bakwai.

Na tsinci kaina a gefen dandamali, wajen Sallau mai sauti. Shi kam mutum ne, kamar yadda na san shi, yana zaune da faifansa da waken da yake mirginawa a kai in ana son ƙarar ruwan sama, da guntun langa-langa na yin tsawa. Yana karkata faifan sai ruwa na gaske ya fara fitowa daga katakon ƙasa yana yin sama. Ya shige mini ta ƙafar wando ya fita ta wuyan riga. 'Yan wasa biyu suka wuce, kowa ya taka lemarsa yana jan ta da ƙafa. Na ce wa Sallau ya tsaya haka nan, katako zai yi santsi. Ya ce ba shi da iko, sai ruwan ya cika rufi sannan yake ɗaukewa.

Na hangi kaskon shayinsa a bayan akwati, garwashi ya yi jajir. Na ce alhamdu lillahi, ko wannan na ajiye a bakin dandamali ai za ta ji. Na kai hannu na ji kamar na taɓa ƙanƙara. Sallau ya ce ai shi ma zafin nasa yana sito, ya cike fom tun da azumi. Shayin da yake kurɓa kuwa tururinsa ƙasa yake yi.

Daga nan sai ga ni a lungun da Gwaggo take shiri. Tana zaune a kan akwatin kaya, ta juya wa madubi baya, tana zizara kwalli da hannu ɗaya ba ko karkacewa. Ta gane takuna kafin in yi sallama.

"Haladu, ranata ta fito?"

Haka take kiran fitilar. Na buɗe baki in gaya mata gaskiya. Na dubi yadda ta kafa ɗaurin ɗankwali, da yadda take motsa leɓe tana bitar maganarta, sai na ji bakina ya ce, "Ta fito, Gwaggo."

"Allah ya yi maka albarka."

Na fito ina jin kamar in mari kaina. Bunsuru bai sa ni wannan ƙaryar ba, ni na yi abata.

Usur na ƙarshe ya tashi. Labulen bai motsa ba. Zauren ne gaba ɗaya ya ja gefe, da bangonsa da 'yan kallonsa, har ya zo daidai da dandamali. 'Yan kallon rabi mutane rabi awaki, kuma tun da daga ƙarshe aka fara, sun riga sun gama tafi, wasu har suna neman takalmansu. Na zauna gaban makunnai na tura na babbar fitilar har ƙarshe, ko Allah zai sa ta ji kunya ta yi ɗumi. Haske ya ƙaru, raɓa ta ƙaru.

Gwaggo ta fito daga baya. Tafiyarta ta kullum, kai a sama, kafaɗa a miƙe, wanda bai sani ba zai ce tana ƙirga mutanen layin ƙarshe ne. Ina ƙirgawa tare da ita. Ɗaya, biyu, uku. Ruwan Sallau yana ta tashi ta gefenta. Huɗu, biyar. A na shida ta ɗan rage sauri, ta ɗaga goshi tana nema. Ba ta ji komai ba. Na ga ta yanke shawarar cewa yau takunta ne ya gajarta, ta ɗaga ƙafa.

Na zabura. Jar akuyar ta cafke mini gefen riga da haƙora, tana magana ta hanci, wai doka ta hana mai baƙaƙen kaya taka dandamali labule na buɗe. Dokar gaskiya ce, mu ma haka take a wajenmu, kuma shekara goma sha tara ban taɓa karya ta ba. Ko wuƙar wasa ce ta faɗi, sai dai in jawo ta da sanda daga gefe. Na ce ta ci rigar in tana so. Ta kuwa ci, na bar mata rabi a baki.

Tsakanina da Gwaggo bai fi taku goma ba, amma duk takun da na yi sai katakon ya ƙara tsawo. Na bar gudu na koma tafiya da baya, sai ga ni na iso. Ta riga ta yi na bakwai da na takwas, yatsun ƙafarta na dama suna leƙen siminti. Ban san abin da zan yi ba. In na riƙe ta, kowa ya gane. In na yi magana, kowa ya ji. Sai na ɗora tafin hannuna a goshinta. Duk ƙasar nan ba abin da ya rage da zafi sai shi, don gumi nake yi tun daga ofishin bunsuru.

Ta tsaya cak.

Ga ni tsaye a tsakiyar haske da rabin riga, hannuna a goshin tsohuwa, mutane da awaki sun zuba mana ido. Gwaggo ba ta ture hannun ba. Ta yi magana ƙasa-ƙasa, yadda ni kaɗai zan ji.

"Wannan ba fitila ba ce."

"A'a, Gwaggo."

"Tun yaushe ka san an cire mini ita?"

"Kwana tara."

"Kwana tara kana zuwa gaishe ni, kana cin tuwona, kana ce mini komai lafiya."

Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na fara haɗa bayani, wai ina neman dabara ne, wai ban so hankalinta ya tashi ba. Awakin suka fara buga kofato a kan kujeru, gaba ɗaya, dum, dum, dum, har na daina jin abin da nake faɗa.

Na buɗe ido. Matar maƙwabcina ce take daka a bayan katanga, gari ya waye tuni.

Na daɗe zaune a bakin gado. Babu bunsuru, babu ruwa mai hawa sama, amma kwana taran nan ba mafarki ba ne. Ranar Talatar makon jiya aka sauke tsofaffin fitilun zaurenmu aka ɗaura sababbi na zamani, masu haske ba zafi, kuma ni na riƙe wa masu aikin tsani har ina yaba kyansu. Duk gwajin da muke yi a tsakar gidan darakta muke yin sa, shi ya sa Gwaggo ba ta sani ba. Yau da la'asar ne za mu shiga zauren mu yi gwajin ƙarshe.

Uwargida ta leƙo ta ce koko ya yi. Na ce ta rufe mini shi. Na zura takalmi na kama hanyar gidan Gwaggo Tabawa, ina maimaita yadda zan fara, kuma har na iso ƙofar zaurenta ban sami wata hanya mai daɗin ji ba. Na yi sallama. Daga ciki ta ce, "Haladu ne da sassafe haka? Shigo, Allah ya sa lafiya."

Na ce, "Ba lafiya ba, Gwaggo." Sannan na cire takalmina na shiga.