Turmin Nafissatou

Sai da Nafissatou ta sauka Sokodé bikin ƙanwarta, ta tuna ta bar turmin sakwararta a tsakar gida a Dapaong, inda ranar bazara ke tsaga itace. Marigayi babanta ne ya sassaƙa shi. Kwana tara hankalinta na can.

Da ta koma, ta tarar da wajen wayam.

"Yana ɗakina," in ji tsohuwar maƙwabciyarta, Inna Mairama. "Ku mutanen Sokodé ba ku san rana ba! Na shafe shi da man kaɗanya."

Nafissatou ta shiga ɗakin, ta durƙusa ta shafa cikin turmin, babu tsaga ko ɗaya. Ta sauke ajiyar zuciya, ta zaɓo babbar doya daga tsarabarta.

"Inna, yau kada ki ɗora tukunya."