Goran Raudatu

A Gaffati, idan tafki ya cika da damina, da gora biyu ake koyon iyo. A ɗaura wa mutum su a ƙirji, mai koya masa na biye da shi. Ranar da ya ga hannu ya faɗa, sai ya zare ƙullin a ɓoye, mutum ya yi ta tafiya bai san sun rabu da shi ba.

Haka Raudatu ta koya wa 'ya'yanta huɗu. Mijinta Tahiru, da ake ce wa Mushe don shi malamin lakkol ne, wato makarantar boko, shekara talatin tana kiransa ya zo ya koya, yana cewa sai ya gama gyaran takardu. Takardu suka ƙare, ita ma ta rasu. Gonarta tana hayin tafki, ciyawa na cin gero.

Ɗansu ya aiko masa da rigar iyo daga Yamai, mai maɗauri uku. Ya sa, ya yi ta lilo a kan ruwa kamar kwalbar da aka yar.

Ɗanƙarami, wan marigayiyar, ya tsaya a gaɓa. "Mushe, wannan ba ta kwancewa. A cikinta za ka tsufa."

"Na riga na tsufa, Yaya. Shigo ka kwance min gora."

"Gwiwa ta hana," in ji shi, ya wuce.

Washegari Tahiru ya ɗauko goran Raudatu, ya yi ƙulli sako-sako, ya shiga ruwa. Amma shi ya ƙulla, hannunsa ya ƙi barin wurin. Ya waiga, ba kowa. Ya ƙara ɗaurewa tam, ya nufi gonar.