Keken Da Aka Ba Auta

Kafin yaƙi ya koro ta, Inna Tela shagon kanta gare ta. Shi ya sa da aka buɗe ajin ɗinki a babban tantin sansanin, ita ke yanka wa kowa yadi, ita ke gyara hannun rigar da ya karkace. Madam, shugabar shirin, ta yi alkawarin duk wadda ta fi burge baƙi ranar baje koli za ta tafi da keken ɗinki nata na kanta.

Inna ta haɗa ƙyallayen da aka zubar, ta ɗinka doguwar riga mai tattara a ƙugu, ta sanya abinta ranar. Madam ta dube ta sama da ƙasa.

"Mama, kin yi kyau da yawa. Masu ba da tallafi za su ce ba ku da buƙata. Ina zanen da kika zo da shi?"

Inna ta koma ta ɗauro tsohon zanen, aka rataye rigar a bayanta. Mai hoto ya saita kyamara, ya ce ta faɗi yadda ta rasa ɗanta. Ta faɗa: kwalekwale ya kife, ta riƙe wuyan rigarsa, rigar ta yage a hannunta. Muryarta ko rawa ba ta yi ba, don hawayen sun daɗe da ƙafewa.

"Ba ta taɓa zuciya," in ji mai hoton. "A kawo wata."

Aka kawo Auta, maƙwabciyar tantin Inna, wadda ko zip ba ta iya sakawa. Ita ce ke zuwa taya Inna hira, ta ji labarin ya fi a ƙirga. Ta tsaya gaban rigar Inna, ta ce ɗanta ne ya nutse. Har yagewar wuyan rigar yaron ba ta manta ba. Ta yi kuka har da shessheƙa, wata baƙuwa ta rungume ta. Madam ta san Auta ba ta taɓa haihuwa ba, amma ita ta fara tafi.

Da yamma aka kai keken tantin Auta, rigar kuma ta bi baƙin a mota.

Washegari Auta ta leƙo, idonta a ƙasa.

"Inna, kada ki ƙullace ni. Ke ba ki yi kukan ba, da ni ma ban yi ba, wata ce za ta ɗauke keken."

"Ko sunansa ba ki faɗa daidai ba, 'yar nan."

Can Auta ta ce zare yana ta tsinke mata, ko Inna za ta zo ta duba?

Inna ta je. Ta sassauta zaren, ta ɗiga mai, ta taka keken ya tafi sumul. Ta ɗan jima ƙafarta a kan matakin, har sai da Auta ta ce, "To Inna, tashi haka, ina da aiki."