Ƙuraje a Kuncin Yakaka

Yakaka ta jingina madubi a jikin randa, ta matse ƙurjin da ya fito daf da tawadar Allah da ke kuncinta. Mugunya ta ɓullo, jini ya biyo baya. Ta cije leɓe. Jiya biyu ne, yau sun zama biyar, sun yi wa baƙin ɗigon zobe.

Tun bikin Kafin Hausa abin ya soma. Sakinatu, 'yar ƙanwar innarta, wadda suka tashi tare suna wanki a bakin kogi, dukansu baƙaƙe, ta dawo daga Kano fara tas. Mata suka yanyame ta, mai hoto na ta cewa ta matso gaba. Yakaka na tsaye a gefe da farantin alkaki, ba wanda ya ko dube ta. Har suka iso gida Haɗeja fuskar Sakinatu ba ta bar ranta ba.

Washegari ta nufi gidan 'Yar'azumi mai haɗa man bilicin.

"Sati uku kacal, 'yata," in ji 'Yar'azumi. "Ke kanki ba za ki gane kanki ba."

* * *

A asibiti, ma'aikaciyar jinya ta juya fuskar Yakaka wajen haske, ta daɗe tana dubawa.

"Me kike shafawa?"

"Basilin ne kawai."

"Baiwar Allah, ki faɗi gaskiya. Mai ya cinye miki fata, shi ya sa cuta ta samu hanya. Ki daina shafawa, ki daina matsa. Tawadar nan kuma sai likita ya gani, don ta kumbura."

"Zai bar tabo?"

"Zai bari."

* * *

Ranar Juma'a Sakinatu ta zo dubiya da lemo a leda. Ta zauna a bakin tabarma, ta riƙo hannunta.

"Wayyo Yaya, me ya kai ki? Ke da ɗigon nan yake yi miki kyau!"

Yakaka ba ta ma jin ta. Kuncinta na zugi a ƙarƙashin auduga, amma idonta na kan Sakinatu, yana bin goshi, da kumatu, da wuya, yana neman ƙurji ko da guda ɗaya. Babu.

Yakaka ta leƙa tsakar gida, ta ga Inna ta duƙufa kan tsintar shinkafa. Sai ta matso, ta yi ƙasa da murya.

"Sakinatu, tsakaninki da Allah, ke wane iri kike shafawa?"